Kamun Hannunka, Yaya Garba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Wannan takarda ta fito daga hannun ƙanenka Umaru mai gyaran keke, na unguwar maƙera a Tambuwal, zuwa ga wana, kuma ubana bayan uba, Garba Maƙeri, a duk garin gabas da ta iske shi. Ina miƙa gaisuwa cikin ladabi, da fatan kana cikin lafiya da rufin asiri kamar yadda muke a nan.

Bayan haka, jarida na aika wa da ita, domin ban san inda kake ba. Labarin ƙarshe da muka samu, wani alhaji ne ya ce ya gan ka a wata kasuwa ta ƙasar Sudan kana ƙera lauje, kana shirin ƙarasa hanyar Makka. An ce jarida takan kai can a cikin kayan matafiya, ko da naɗe wani abu aka yi da ita. Saboda haka duk wanda ya karanta, in ya san wani dogon maƙeri Basakkwace mai tabon wuta a gefen wuya, ina roƙonsa ya karanta masa sannu a hankali, don ba ya karatun boko, kuma ba ya son a yi masa gaggawa.

Yaya, labarin motarmu nake so in ba ka.

Kana tune da ranar da muka fara ganinta a gindin tsamiya, bakin hanyar Dogon Daji. Tsohuwar motar ɗaukar auduga ce wadda mai ita ya haƙura da ita, kaji sun mayar da kujerar direba akurki. Ka zagaya ta, ka ƙwanƙwasa ƙashin bayanta da masaba, ka kasa kunne kamar mai sauraren amsar sallama. Ka ce mini, "Ba ta mutu ba, Umaru, gajiya ta yi." Da shanun noma muka jawo ta gida, mutanen kasuwa na tambayarmu ko janaza za mu yi mata.

Ni ne mai ƙasida. Tun da na yi ajin yaƙi da jahilci nake tara ƙananan littattafai, cikinsu har da na kula da mota, mai zanen inji a tsakiya. Ni nake karanta maka, kai kana ƙerawa. Ka buɗe durom na mai, ka daddaƙe shi ya miƙe, ka fitar da murfin inji da ƙofofi. Ka ƙera ƙusoshi da hannunka, ka yi maƙallan da za su riƙe katakon bodi, kowanne da ɗan lanƙwasa a baki irin na ƙotar lauje, don ka ce ko ƙarfen da ba a gani ya kamata ya yi kyau.

Abin da na fi tunawa shi ne bayan la'asar, lokacin da wutar maƙera ta kwanta. Mukan shimfiɗa tabarma a kan ƙashin motar, ba rufi, ba ƙafafu, tana bisa duwatsu. Kana riƙe da sitiyari kana kiran garuruwa, ni ina jin su suna wucewa ta gefen kunnena. Jabo, Sakkwato, Gusau, Zariya. Wata rana ka kai mu har bakin teku a Ikko, ka ce in sauka in wanke ƙafa. Wallahi na ji sanyin ruwan. Shekarar da ake ta maganar mulkin kai ke nan, kowa na da abin da yake hange, mu namu ke nan.

Abu ɗaya ya rage ka tafi. Sifirin ɗin baya na irin waɗannan tsoffin motoci guda ɗaya ne, a gicciye yake bisa ƙafafun, shi ke ɗauke da nauyin bodi duka. Nata kuwa maƙeran hanya sun daɗe da cirewa sun yi wuƙaƙe, ko guntun da za a kwaikwaya ba su bari ba. Ka ƙera ƙananan ganyayen, wato fallayen ƙarfen da ake jerawa su zama sifirin, ka jera su a jikin bango. Uwar ganyen, wato doguwar da ake naɗe wa kunne a kowane ƙarshe, ita ce ba mu sami ƙarfenta ba har ayarin masu tafiya gabas ya tashi. A bakin zaure, da buhunka a kafaɗa, ka juyo ka ce, "In ƙarhe ya samu, kamu ukku za ka yanke, kana a lanƙwashe, kana a naɗe kunnuwa. Kamu ukku, kar ka daɗa, kar ka rage."

Na riƙe maganar kamar karatu. Motar kuwa na rufe ta da zana, ina jiran dawowarka.

Inna ce ta sa na yaye zanar. Tun farkon ranin bana ta fara zancen garinsu Kebbe. Ka san tun rasuwar Baba ba ta je ba, kuma yanzu gwiwoyinta ba sa ɗaukar jaki, ko zaman amalanke ba za ta iya ba. Sai ta riƙa ambaton ƙanwarta Hajo, da rijiyar bayan gidansu, da wata bishiyar kanya da suke tsinta suna yara. Ba ta roƙe ni ba, ka san halinta. Cewa kawai ta yi, tana kaɗi, ba ta ko dube ni ba, "In ruwa ya sauka mashigi ya cika, sai wani rani. Wani rani kau ban san ko nau na ba."

Daga ranar barci bai ƙara yi mini daɗi ba. Kullum da safe sai na dubi gabas in ga ko hadari ya fara haɗuwa.

Abokinka Audu, maƙerin Jabo, shi ya samo mana ƙarfen a Sakkwato, sanda biyu rak daga wata motar da ta faɗi. Ya zo da zuga-zuginsa ya zauna a maƙerarka. Yana nan yadda ka san shi, gajere, da baki. Da ya ga na fito da ƙasida da ma'aunin inci sai ya ce, "Malam Takarda, karanta muna mu ji, ko motar ta tashi da wa'azi."

Ƙasidar ta ce kamu ɗaya inci goma sha takwas ne. Na auna hannuna daga gwiwa zuwa kan dogon yatsa, ya yi daidai da haka, sai hankalina ya kwanta. Na auna uku, na sake aunawa, na sa alama. Audu ya yanke, muka gasa, muka lanƙwasa, ya naɗe kunnuwan da kyau. Da muka ɗora ta, kunne ɗaya ya shiga maƙallinsa, ɗayan ya tsaya nesa, kusan taƙi guda tsakaninsu. Muka tsaya muna kallo. Audu ya tofar da goro, ya ce, "Kamun wa ka auna? Ai wanka in ya miƙa hannu daga nan shina ɗauko tuwo a Jabo."

Sai a lokacin na gane. Da ka ce kamu, hannunka kake nufi. Hannun kuwa yana can gabas tare da kai.

Sanda ɗaya ta rage. In ta gaza, babu wata. In ta yi tsawo, bodi zai kwanta a kan ƙafafun. Na gwada da igiya, na gwada da kara, amma igiya ba ta faɗin abin da wuta da naɗin kunne za su ci. Na nemi tsohuwar rigarka, na tarar irin mai faɗin nan ce wadda ba ta nuna inda hannu ya tsaya. Na bi dogayen mutanen garin nan ina roƙon su miƙo hannu in gani, har aka fara cewa Umaru ya taɓu. Kowane hannu na kalla sai in ga kamar naka ya fi shi, ko kuwa ya fi naka. Yaya, ashe mutum na iya yin shekara arba'in kusa da ɗan'uwansa bai san tsawon hannunsa ba.

Ban yi tunanin tambayar Inna ba, kuma ba wanda zai yi. Kai ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, "wancan" take ce maka. In ka shigo ta kau da kai, in ka gaishe ta ta amsa wa bango. Ranar da ka tafi ma tana ɗaki, an ce ta fito ku yi sallama ta ce tana da aiki. Mun taso muna ganin wannan kunya, har na ɗauka ko kamanninka ba ta riƙe ba.

Wata safiya na kai mata fura, ta ce, "Mi ka hana ka cin abinci?" Na gaya mata duka, ba don ina zaton komai ba, sai don abin ya cika mini ciki. Ta ci gaba da juya mazarinta. Can ta ce, "Ɗauko ƙarhen."

Ni da Audu muka shigo da sandar cikin gida, muka kwantar a gaban tabarmarta. Ta janye mayafi, ta ɗora gwiwar hannunta a ƙarshen ƙarfen, ta kwantar da hannun har yatsu suka miƙe. Sannan ta jera yatsu fuɗu na ɗaya hannun a gicciye, a gaban na farkon. Ta shafi allin kaɗinta ta ja layi. Ta ce, "Kamun wancan ke nan. Nau na, da yatsa fuɗu kwance."

Sau uku ta yi haka, farin layi uku a kan baƙin ƙarfe.

Ka tuna kai kake auna mata zare in za a kai wa masaƙa, don hannunka ya fi na kowa tsawo a gidan? Ashe in ka fita, sai ta ɗauki zaren ta sake bi da nata hannun, daidai inda naka ya bi. Ba ta faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Cewa kawai ta yi ta daɗe tana yi, tun kana saurayi.

Ka san ni da wasiwasi. A maƙera na fara cewa ai yatsunta sun rame da tsufa, watakila fuɗun yanzu ba su kai na da ba, ko a ƙara ɗan kaɗan. Audu bai yi mini ba'a ba a wannan karon. Ya ce, "Umaru, riƙe awartaki." Ya ɗora abin yanka a kan layinta sosai, ya sauke masaba.

Lokacin da ƙarfen ya yi ja, allin ya ƙone ya ɓace, na ji kamar in sa hannu in tare shi. Muka lanƙwasa. Ya naɗe kunnuwan yana karanta wani abu a hankali. Muka bar ta ta huce cikin toka, muka jera ganyayenka a ƙarƙashinta, suka kwanta kamar sun san juna. Kunne na farko ya shiga. Na biyu ya tsaya saura kaurin ƙwayar gero. Audu ya hau bodi ya yi tsalle ɗaya, ƙusa ta zarce.

Mun tashi ranar wata Alhamis da hantsi, hadari na tsaye can nesa a gabas. Na shimfiɗa mata katifar rimi a baya, a kan sifirin ɗin sosai, na yi mata rumfar zana. Tuƙin da na koya a kan benci da sanda, da ɗan abin da wani direba ya nuna mini, shi na yi, ina salati a kowace gangara. Ba mu fi saurin doki mai ɗan sukuwa ba, amma ni a ganina ƙasa ce take tafiya ta bar mu a tsaye. Gonaki an share su suna jiran ruwa. Fulani na tsayawa da shanunsu suna kallon ƙofofin durom ɗinka. Ina jin bayan motar yana sauka yana tashi a hankali, kamar ƙirjin mai barci. Sau da yawa na dubi kujerar gefena zan yi maka magana.

A mashigi ruwa bai kai idon sawu ba. Mun haye.

Da muka shiga Kebbe ta ce in tsaya tun kafin gidan. Ta sauka da kanta, ta dafa bango tana bi. Kanyar an sare ta, rijiyar na nan. Inna Hajo ta fito, ta tsufa ita ma, suka tsaya suna duban juna, sannan suka zauna a ƙasa suka kama dariya da hawaye, suna kiran juna da sunayen yarinta waɗanda ban taɓa ji ba.

Kwana biyu muka yi, na ce mu koma kafin ruwa. Ta ce in tafi, ita ta iso. Na yi magiya, na kawo zancen gwiwa da magani da damina, duk ta saurara, ta ce Allah ya yi mini albarka. Na san an gama.

Har na tada inji ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin ɗaki, ta juya fuska wajen bango yadda take yi in ka shigo. Ta ce, "In ka samu mai zuwa gabas, a gaya ma wancan hanya ta yi taushi. Ko sau guda ban ji rami ba."

Yaya, ni na ji ramukan, suna da yawa. Amma haka ta ce a gaya maka, kuma na gaya maka yadda ta faɗa, ban canza harafi ba.

Ruwan farko ya same ni a hanyar dawowa, bayan na haye. In Allah ya maido ka, kada ka neme ta a Tambuwal. Ka zo maƙera mu tafi tare, kai a sitiyari.

Allah ya kai ka Ɗakinsa, ya karɓi aikinka, ya sanyaya maka rairayin hanya. Allah ya ƙara wa Inna kwana cikin lafiya har ka shigo ta kau da kai. Allah ya jiƙan Baba. Amin.

Haza wassalam. Ni ne ƙanenka mai jiran sallamarka a bakin zaure,

Umaru mai gyaran keke,
Unguwar maƙera, Tambuwal.