Jam'in da Uwata Take Nema

Laraba, 12 ga Muharram, Unguwar Rimi, bayan isha'i.

Gobe ce ranar ƙarshe da autata, mai sunan mahaifiyata, za ta amsa wa jami'ar ƙasar waje da ta ba ta gurbin karatu, kuma wata guda ke nan ina riƙe da izinina. Da la'asar ta kawo mini shayi gindin mangwaro, na ce, "Uwata, wannan ilimin naki, mece ce mas'alarsa?"

Ta ce, "Baba, ƙa'idoji biyu ne, kowacce gwaji ya tabbatar da ita. Ɗaya tana bayanin abin da gudunsa ya kusanci na haske, ɗaya kuma ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. Da aka haɗa su, sai lissafi ya nuna ƙwayar lantarki tana da abokiyar tagwaitaka mai akasin cajinta, daga baya kuma aka gan ta. Ƙarfin da ke jawo abu ƙasa ne ya ƙi shiga har yau."

"Ba a jefar da ɗaya ba?"

Ta yi dariya. "Wa zai jefar da sahihi, Baba?"

Shekara arba'in ina karantar da cewa idan ingantattun hadisai biyu suka yi kamar sun saɓa, jam'i ake nema, wato a daidaita su ba tare da an jefar da ɗaya ba, domin gazawar daga fahimtarmu take. Ashe sana'ar gidanmu ta ɗauka, ta kai ta filin da ban taɓa takawa ba. Har yanzu ina hango ƙwayar nan, tana zaune shiru cikin halittar Allah, tana jiran alƙalami ya iso gare ta.

Bayan sallar asuba zan sa mata albarka, kafin zuciyar tsoho ta sake shawara.