Gadar Makurɗi

Inugu, 6 ga Maris, 1948.

Zuwa ga ƙanwata Ma'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin Dada? Allah Ya ba ta sauƙi.

Takardarki ta zo, kuma na ji zagin. Wai na shanye yayanki a ƙasar Ibo, mahaifiyarku Dada na kwance a Kazaure bai leƙo ba. Da ina da irin wannan asiri, ai da bakinki na fara ɗaurewa.

Shekara biyu ina rufa masa asiri, yau zan faɗa miki. Yayanki ba ya iya ƙetare ruwa. A yaƙin Barma kwalekwalensu ya kife a wani kogi, amininsa ya riƙe masa wuya, shi kuma ya ɓamɓare hannun don ya tsira. Da aka sauke su a Fatakwal ma bai san inda kansa yake ba. Kin dai san jirgin ƙasa ba ya zuwa gida sai ya hau gadar Makurɗi. Bara mun gwada. Yana hango Binuwai ya dira a tasha, muka juyo da tsarabarmu. Ranar na yi kuka har na gode Allah.

Yanzu tsofaffin sojojin unguwarmu sun ɗauki maganar. Saje Gwadabe ne babbansu, shi ke rubuta mini wannan, shi ya sa ba zan ce komai a kan tumbinsa ba.

Ki gaishe da Dada da jiki.

Taki,
Tabawa.

Inugu, 2 ga Mayu, 1948.

Zuwa ga Ma'u,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na ji Dada ta daina cin tuwo sai kunu. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ga inda muke. Kowace safiya mutum biyu cikin sojojin nan ke barin sana'arsu su raka yayanki wani rafi a bayan unguwa, wanda akuya ma za ta tsallake. Ba wanda ya sa su, ba wanda ke biyansu. Makon farko daga nesa ya zauna, ya ba ruwan baya. Ba su matsa masa ba, goro kawai suka ci suka dawo. Ni da zafin raina na ce a haka sai Dada ta gaji da jira, Saje ya ce in koma kicin, aikin maza ne. Na koma, amma ban yi shiru ba.

Sarkin fawa ya rage masa aiki a mayanka. Matan unguwa kuwa sun raba kwanakin girkina tsakaninsu, don cikin da nake ɗauke da shi ya tsufa, ba na iya sunkuyo.

Jiya sun shimfiɗa katako a kan rafin. Ɗayansu, Bappa mai hannu ɗaya, ya shiga ruwa har gwiwa ya ba yayanki kafaɗa, Saje na kiran hagu da dama kamar a fareti. Ya ƙetare, Ma'u! Da ya isa can ya zauna ya rufe fuska, su kuma duk suka juya suna kallon itatuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Ki gaya wa Dada a kunne, ƙarshen wata yana tafe.

Taki,
Tabawa.

Inugu, 30 ga Mayu, 1948.

Zuwa ga Ma'u,

Gaisuwa da ta'aziyya. Allah Ya jiƙan Dada, Ya sa ta huta, Ya ba mu haƙuri.

Saƙon wayar tangaraho da kika buga ya iso jiya da hantsi, yayanki na mayanka. Saje ya karanta mini, ya tara sauran muka yi shawara. Sun ce idan ya ji yanzu, ya gama da gada har abada, ko kabarinta ba zai gani ba. Na yarda da su, na ɓoye. Idan laifi ne a wuyana yake, kada ki ga na kowa.

Tun jiya nake kallonsa yana shiri. Ya saya wa Dada zane shuɗi, ya tambaye ni ko za ta so shi, na ce za ta so. Ban taɓa yi masa ƙarya mai nauyin wannan ba, kuma zuciyata kamar ta fashe.

Mutum huɗu za su raka shi, su sa shi tsakiya har jirgi ya wuce gadar, su sauka a Lafiya. Ni ungozoma ta hana ni tafiya.

Shi zai miƙa miki wannan takarda da hannunsa, bai san abin da ke ciki ba. Idan kina karanta ta, to ya ƙetare. Don Allah kada ki tarye shi da kuka a ƙofa. Ki bari ya zauna ya sha ruwa. Kuma kafin ki gaya masa ya makara, ki fara gaya masa ya iso.

Taki cikin baƙin ciki,
Tabawa.