Toru tsakanin ragama da wuƙa

Zuwa ga Yayana Sabirbek,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anara da yara, Allah ya tsare ku da sanyin Rasha da sharrin masu gidan haya. Mu nan At-Bashi muna nan yadda ka bar mu. Inna tana fama da gwiwarta, amma har yanzu ita ke tatsar saniya, ta ce hannun matata sanyi gare shi.

Yaya, kafin komai bari in yaba maka. Ni da nake dillancin dabbobi a kasuwar Lahadi tun ban fara aske gemu ba, ban taɓa ganin wanda ya hori doki ta waya daga wata ƙasa ba sai kai. Da tsohuwar goɗiyarmu ta mutu a sanyin da ya bi rasuwar Baba, ka san babu dabbar jan kaya da ta rage mana sai ɗanta Toru. Na fara da shi yadda Baba ke yi: in rataya masa abin wuya ya yini da shi, in ɗaura masa gungume ya ja zuwa rafi, ina tafe a gefensa ina masa magana. Ka kira ka ce wannan aikin tsofaffi ne, in kai shi wajen surukinka Kubat, wanda ya san doki. Na ce to, domin kai ne babba.

Kuma Kubat ya san doki, ban musa ba. Abin da ya manta ya tambaya shi ne aikin da dokin zai yi. Duk bazara yana kansa a filin kok-boru, suna kokawar gawar bunsuru da 'yan'uwansa mahaya. Ya dawo mana da shi yana sheƙi, ya ce a kwarin nan kaf babu mai ƙirjinsa, har yana mini tsiya wai ɗan kasuwa bai san doki ba sai haƙoransa. Toru ya koyi abu biyu a hannunsa: duk dokin da ya matso kusa ya banke shi da ƙirji, kuma da ya ji ihu ya zura da gudu.

Da lokacin yankan ciyawa ya zo, na roƙi maƙwabcinmu Toktosun aron goɗiyarsa, mai haƙurin nan, na haɗa ta da Toru a injin yanka na Baba don ta koya masa tafiya. Layin farko ya yi ta mangarar ta da kafaɗa, ina ja ina lallashi. Muna juyowa sai wani makiyayi a kan tudu ya ƙwala wa tumakinsa ihu. Yaya, ban san lokacin da na faɗo daga kujerar injin ba. Toru ya ja injin da goɗiyar har cikin duwatsun bakin rafi, wuƙar injin ta karye, ta tsaga ƙafar goɗiyar ta baya. Toktosun bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ɗaure ƙafar da ɗamararsa, ya ja abarsa tana ɗingishi, ya ce in gaishe da Inna. Tun ranar babu wanda na iya buɗe baki in tambaya aron ko da jaki.

Ni da matata muka koma yanka da hannu. Ba mu kai rabi ba ruwa ya sauko, abin da ke kwance a ƙasa ya yi baƙi. Ingiricin da ke rumfa ba zai kai tumakin Inna ƙarshen sanyi ba, za mu rage su. Wannan ya riga ya wuce, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Sadakar shekarar Baba ta matso. Baffa Ermek ya tara dattawa a gidanmu, sun sha shayi sun ci gurasa, sannan ya ce mutum kamar Baba ba a yi masa sadaka da tunkiya, sai an yanka doki kamar yadda muka gada, kada dangin nesa su zo su koma da mu a baki. Ya ce ga Toru nan ya yi ƙiba, ba ya noma, Allah ne ya kawo mana sauƙi. Na ce masa na koma da Toru horon farko irin na Baba, kuma yana saukowa. Gaskiya ce, ba cika bakin ɗan kasuwa ba. Jiya ya ja gungume har rafi ya dawo, ko da kare ya yi haushi kunne kawai ya kaɗa. Idan aka bar mini shi wannan sanyin yana jan itace, baɗi zai yi yanka. Baffa ya yi dariya, ya ce na saba sayar wa mutane gurgun doki da zaƙin baki, kada in gwada a kansa. Inna tana bakin murhu, ba ta juyo ba ta ce, “Mahaifinsu ya daina cin nama, amma tumakina ba su daina cin ciyawa ba.” Sai Baffa ya ce wannan ba maganar mata da ƙannai ba ce, babban ɗa ne zai yanke, kuma zai kira ka ranar Juma'a.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hula. Ka gaida Anara, ka shafa mini kan Merim da Nurdin. Matata Burul tana miƙo gaisuwa, hannunta duk ya yi kanta saboda yankan ciyawa.

Ni ne ƙanenka Talant, mai bin umarninka kullum. Abu ɗaya kawai nake so ka haɗa da amsar da za ka ba Baffa: idan baƙi sun ci sun yi addu'a sun watse, baɗi wa zan ɗaura wa injin?