Takardun Injiniya

Litinin, 8 ga Yuni

Yau mata sun ɗan ragu. Na samu na zauna ni kaɗai a ɗaki. Bari in rubuta abin da ya faru, ko na yarda ya faru.

Badaru ya rasu ranar Alhamis. Mijina. Direban Injiniya Rabe ne tun kafin a haifi 'yarmu Zulfa, tun Injiniya bai je majalisa ba. Ya kwana yana tuƙi daga Abuja, ya iso Daura da hantsi. Ya ce an aiko shi ne ya ɗauko takardun makarantar Injiniya na asali a gidansa na nan, ana nemansu da gaggawa. A tsaye ya sha koko. Na ce ya ɗan kishingiɗa ko zuwa azahar ne. Ya ce, "Malama, in aka dace, barci sai mun gaji da shi." Ya juya ya kama hanya. Kafin ya kai Kazaure motar ta bar titi ta daki bishiya. Wai barci ne ya ɗauke shi.

Ban yi kuka ba. Mata suna ta satar kallona, suna jira.

Laraba, 10 ga Yuni

Akwai benci a gindin darbejiya, daidai bayan katangar ɗakina. Nan maza suke zaman karɓar gaisuwa. Duk abin da suka faɗa a kunnena yake.

Da an shafa Fatiha, sai wani ya buɗe hira. Ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar su Injiniya mutumin Kudu ne, dole ya ɗauki mataimaki daga Arewa. Wai sunaye uku ne a gabansa: wani gwamna mai barin gado, wani tsohon soja, da Injiniya. Yau wani mai kaurin murya ya ce, "Ku yi tunani mana. In ba shi aka zaɓa ba, me zai sa a aiko neman takardu a guje haka? Ai tafiyar marigayi ma shaida ce."

Shaida. To.

Alhamis, 11 ga Yuni

Sadakar bakwai. Injiniya bai zo ba, ya aiko da shinkafa da rago. Yaya Suhaibu, wan Badaru, ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce kada in ga laifin Injiniya, wanda duk ya bar Abuja a wannan makon sai an yi masa zagon ƙasa. Na ce Allah ya saka. Ban ga laifin kowa ba. Ban ga komai ba.

Asabar, 13 ga Yuni

Ruwa ya sauka da asuba. Na ji shi a kan kwano kamar a gidan wasu ake yi.

Talata, 16 ga Yuni

Mgbeke ta kawo farfesu. Maƙwabciyata ce, matar Wilfred mai shagon kayan gyaran mota, shekarunsu a Daura sun fi na Zulfa a duniya. Ita ba ta cewa in yi haƙuri. Zama take yi ta miƙe ƙafa tana tsince mini shinkafar da ba zan ci ba.

Yau ta yi ta juya magana a baki, sannan ta faɗa. Wilfred ne ya je ya jawo motar a ranar. Ya ce yana isa ya tarar da wani yaron Injiniya ya riga shi, hannunsa cikin gilashin da ya fashe yana laluben jakar takardu. Badaru yana kwance a gefen titi, an rufa masa rigar wani. Mutumin ya samu jakar, ya buga waya ya ce ba ta ɓaci ba, ya shiga wata mota ya nufi Abuja.

Ta ce, "Malama, na ce ba zan gaya miki ba. Amma in ni ce, zan so in sani."

Na ce na gode, Maman Osinachi, haka nake kiranta. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Na lura dai farfesun ya yi yaji.

Juma'a, 19 ga Yuni

Yau bencin na tsohon soja ne. Wai an gan shi a gidan ɗan takarar har sau biyu. Bayan la'asar kuma suka dawo kan Injiniya, wai matarsa ta ba da ɗinkin anko. Wani ya ce in aka ba shi, hanyar Sandamu sai ta zama tagwaye. Wani ya ce ai Mashi za a fara, saboda kan iyaka. Har suka fara gardamar inda za a gina filin jirgi.

Zulfa tana bin labarin a waya. Tana ɓoyewa in na shigo. Na ce ta daina ɓoyewa, ba zunubi ba ne.

Lahadi, 21 ga Yuni

Na yi wanki. Akwai rigarsa guda a cikin kayan. Na wanke, na shanya, na ninke. Riga ce.

Laraba, 24 ga Yuni

Fadila ta zo. Na koyar da ita a aji huɗu, yarinya mai yawan tambaya, yanzu tana aiki da wata jarida ta intanet. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata. Daga baya ta matso ta rage murya. Ta ce sun ji Baba ya yi kwanaki bai runtsa ba, ana ta kai da komo da shi tsakanin Abuja da Kaduna da nan. Ta ce mutumin da yake neman riƙe ƙasa ya kamata a san yadda yake riƙe na kusa da shi. In na yarda in yi magana ko kaɗan ne, ba sai an nuna fuskata ba.

Na kalle ta. Har yanzu tana cije leɓe in tana jiran amsa, kamar da.

Na ce ba ni da abin faɗa. Ta ɗauka tsoro ne. Ba tsoro ba ne. Na duba ciki ne ban tarar da magana ba.

Alhamis, 25 ga Yuni

Labari ya kai wa Yaya Suhaibu kafin magariba. Ya zo da sauri, ko zama bai yi ba.

"Siddiƙa, me kika gaya wa yarinyar nan?"

Na ce ba komai, Yaya.

"Madalla. Abokan gaba ne suka turo ta. Kalma ɗaya ta fita daga gidan nan, su ɓata wa Injiniya suna a makon da ake yanke shawara. Ya yi alkawari da bakinsa, Zulfa tana gama karatun jinya aiki na jiranta. Badaru ya ba mutumin nan rayuwarsa, kada mu zubar a bakin ƙofa."

Idonsa ya yi ja. Shi ya yi wa Badaru wanka, ban manta ba. Shi ma neman abin da zai riƙe yake yi. Ya ce Allah ya yi mini albarka da na rufa asiri. Na karɓi albarkar, ko da yake ban yi aikinta ba.

Asabar, 27 ga Yuni

An fara liƙa hotuna a gari, in ji Zulfa. Ɗan takarar a dama, Injiniya a hagu, suna murmushi kamar sun taɓa haɗuwa a gidan hoto. Ba a sanar ba fa. Matasa ne suka buga abinsu.

Mgbeke ta ce a garinsu ma haka ake ta yi, kowa da wanda yake rantsuwa a kansa. Ta ce Wilfred bai damu da kowa ba, shi dai a gyara hanyar Kano kaya su daina karyewa kafin su iso.

Talata, 30 ga Yuni

Gobe ko jibi, in ji benci.

Zulfa ta tambaye ni, "Umma, ke kina so a ba shi?" Na ce in an ba shi kin samu aiki. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta ce ita in aka ba shi za ta ji kamar Baba ya mutu a kan wani abu, in ba a ba shi ba kuma... Ba ta ƙarasa ba. Ta kifa kai a cinyata tana kuka. Na shafa kanta. Kitsonta ya tsufa, ya kamata a tsefe.

Alhamis, 2 ga Yuli

An sanar da azahar. Ba Injiniya ba, ba soja ba, ba gwamnan ba. Wani ne can daban daga Arewa maso Gabas, wanda ban taɓa jin sunansa a bayan katanga ba ko sau ɗaya.

Labari ya iso benci. Can sai mai kaurin muryar nan ya ce shi dama ya sani, tun farko ya ga alama. Ya fara lissafo alamun.

Yaya Suhaibu bai shigo ba.

Litinin, 6 ga Yuli

Ba a kawo komai daga gidan Injiniya ba wannan makon. Ban rasa ba. Mata ma sun ɗauke ƙafa, sai dangi. Ashe wasu ba ni suke zuwa gani ba, hanya suke sharewa.

Alhamis, 9 ga Yuli

Injiniya ya zo.

Ba jiniya, ba 'yan rakiya. Mota ɗaya, da sabon direba. Yaya Suhaibu ya shigo da shi soro, aka shimfiɗa tabarma, ni ina daga ciki bayan labule. Ya rame. Na ga ƙafarsa kawai da gefen babbar riga, amma ko a murya ya rame.

Ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce Badaru ba direba ba ne a wurinsa, ɗan'uwa ne. Ya ce maganar Zulfa tana nan, ko da yake yanzu sai a hankali, ƙofofi sun rufe. Yaya Suhaibu yana ta amin, amin.

Ban shirya ba, sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, takardun sun isa a kan lokaci?"

Yaya Suhaibu ya yi gyaran murya. Injiniya ya ce, "Malama Siddiƙa, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba wanda ya nemi takardun. Ni ne na ji ana ta faɗin sunana, na ce bari su kasance kusa da ni ko za a kira. Ba a kira ba. Ko gaisawa ba mu yi da ɗan takarar ba." Sannan ya ce, "Ki yafe mini."

Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Abin da ake faɗa ke nan. Ya tashi ya tafi.

Na zauna a wurin har aka kira la'asar. Tabarmar ta yi mini shaida a ƙafa.

Juma'a, 10 ga Yuli

Ba wanda ya nema.

Talata, 14 ga Yuli

Arba'in. An yi waina, an raba, an watse. Fadila ta zo, ba ta kawo maganar ba. Yanzu ba mai son labarin direban wanda ba a zaɓa ba. Yaya Suhaibu ya tsaya a ƙofa zai ce wani abu, ya fasa, ya ce in gaida yara.

Ba na barci sosai kwanan nan. Haƙorana suna ciwo da safe, Zulfa ta ce cizawa nake yi.

Alhamis, 16 ga Yuli

Zaman makoki ya ƙare amma benci bai tashi ba, sun saba da inuwar. Yau da hantsi suka buɗe sabon babi, wai wa ɗan takarar gwamna zai ɗauka mataimaki. Mai kaurin murya ya ce yana da labari daga ciki, wai an ga motar wane a ƙofar gidan wane.

Ina tankaɗe. Ban san lokacin da na ajiye rariya ba. Na ganni a jikin katanga ina dukanta da tafin hannu, ina cewa, "Malamai, don Allah ku ɗauke bencin nan! An yi mutuwa a gidan nan! Mutum ne ya mutu!"

Ban taɓa ɗaga murya maza su ji ba, tun da aka kawo ni gidan nan. Sai ƙarar jan benci a ƙasa, da wani yana cewa ki yi haƙuri Malama, ki yi haƙuri.

Mgbeke ta shigo a guje ba ko takalmi, ta ɗauka wani abu ne ya faɗo mini. Ta tarar da ni a zaune a ƙasa. Fuskata duk ta jiƙe, har wuyan hijabi. Zafi ake yi yau, ruwa ya ƙi sauka. Ta zauna kusa da ni, mun daɗe a haka.

Ba wani abu ba ne. Surutu ne ya yi yawa.

Tafin hannuna ya kumbura, da ƙyar nake riƙe biro. Da rana Zulfa ta yi tuwo miyar kuka. Na cinye nawa, na ce ko akwai saura a tukunya.