Rabin Juyi a Fitilar Dilwyn

Gonar Hafod, Wales
6 ga Maris

Zuwa ga Yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata man da na aiko da dare ake shafawa, ba da rana ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da laka, kin dai san su tunda kin yi wata uku tare da mu.

Tumaki sun fara haihuwa, dila kuma ya fara ɓarna. 'Ya'ya uku ya ɗauke mana a makon nan. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Kin tuna yadda muke fita bayan Isha'i, ni da maigidana Dilwyn, shi da bindiga ni da fitila? Shekara ashirin da ɗaya ni ce mai fitila. Batir a jaka, jaka a kafaɗa, ina share fili da haske a hankali har ido biyu su yi walƙiya. Ni ke gaya masa ko dila ne, ko tunkiya, ko kyanwar maƙwabta, domin kowanne da yadda idonsa ke ƙyalli. Ba na dalla wa dila haske a fuska. A gefen haske nake riƙe shi, maigidan ya tsotsi bayan hannunsa ya yi kukan zomo, dila ya matso. Sai in ji ya ce, ƙasa-ƙasa, "Yanzu, tsohuwa." In ɗaga fitilar. Kin san shi ba mai magana ba ne, Yaya. Wannan ita ce hirarmu.

To, shekaranjiya ya sayo wata ƙaramar fitila da ake ɗaurawa a kan madubin saitin bindiga. Inda bindiga ta kalla, can haske ya kalla. Mutum ɗaya ya wadatar.

Wadda ta kawo ta kuma ta ɗaura ita ce Eirlys Pugh, matar nan da manoman kwarinmu ke kira idan dila ya gagare su. Ta shimfiɗa jarida a teburin kicin ɗina, suka cire harsasai, suka haɗa kai a kan bindigar har gashinta na taɓa hularsa. "Dil, riƙe nan. Ba nan ba, kai! Wannan hannu ne ko shebur?" Dil take ce masa. Ni da na yi shekara ashirin da uku a gidansa ban taɓa gutsure masa suna ba. Can suka juya zuwa yarensu, wanda har yau iyakata a cikinsa gaisuwa da cinikin kasuwa, suna ta dariya. Da ta gama sai ta dube ni ta ce, "Kin huta, Sa'ade. Daga yau ki ja bargo ki yi minshari, ƙarfe ya karɓe ki aiki." Shi ma ya yi dariya.

Na zuba mata shayi, na yanka mata burodin zabibi. Ban nuna komai ba. Matar ba ta yi mini laifi ba, na sani. Amma da ta tafi sai da na wanke kofin da ta sha har sau biyu, na tsaya ina tambayar kaina dalili.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Sa'ade

15 ga Maris

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin Malam ya sauka. Na ji saƙonki. Kin yi mini dariya, kin ce a tsufana zan yi kishi da tocila. Ki yi dariyarki, ni ma da a ce wata ce ta ba ni labari da na yi. Amma ki karanta wannan ke kaɗai.

Ɗaura fitila ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an daidaita ta. Mariƙinta yana da noti biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, kuma dole tsakiyar haske ta faɗa daidai inda madubi ke kallo. Ranar Talata da almuru Eirlys ta dawo. Suka manna farar takarda a bangon rumbu, suka auna yadi ɗari, suka ɗora bindigar a kan damin ciyawa. Shi ya sa ido a madubi, ita ta durƙusa a gefensa tana murɗa noti. Ina taga ina jin sa: "Sama kaɗan. Ya yi yawa. Hagu. Yauwa, nan." Da irin muryar nan ta ƙasa-ƙasa, Yaya. Ban san yana da ita don wani ba sai ni.

Dare biyu ta bi shi, wai don ta ga yadda fitilar ke aiki. Na kwanta ina sauraron motarsu tana hawa tudu. Na ja carbi har ya ƙare na sake, zuciyata ba ta tare da abin da bakina ke faɗa. Sun dawo da dila ɗaya. Da safe ya ce, "Matar nan ta san aikinta." Sau uku ya faɗa kafin ya gama karin kumallo.

Kullum idan ya dawo yakan cire fitilar da mariƙinta ya sa ta caji a kicin, kusa da butar shayi. Ranar Juma'a na tashi Asuba, na yi alwala, na shiga ɗora ruwa. Tana nan tana ƙyifta ɗan koren idonta. Na ɗauka don in goge wurin. Sai na ga yatsuna a kan notin sama.

Rabin juyi kawai na yi.

Ba zan ce Shaiɗan ba, domin na san abin da nake so. So nake ya fita ya ga ba ta da amfani, ya dawo ya ce kayan banza Eirlys ta sayar masa, ya ce in ɗauko jakata. Da alwalata na yi wannan, na je na tayar da salla. Ni da malaminmu na allo, Malam Ɗanjuma, yake sa wa tsaron allunan yara saboda amana.

Kada ki gaya wa Inna.

Taki,
Sa'ade

24 ga Maris

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na gode da nasiharki, gaskiya kika faɗa, kuma ban yi aiki da ita ba.

Abin bai tafi yadda na tsara ba. Daren farko ya dawo ya ce ya ga ido biyu a can ƙasan katangar dutse, amma da ya sa ido a madubi sai duhu-duhu, bai iya rabe dila da tunkiya ba. Kin san shi, ba ya harbin abin da bai gani sarai ba. Dare na biyu haka, na uku haka. Ina jira ya zagi fitilar. Har na taimaka masa, na ce, "Ko dai ita ce ba ta da kyau?" Sai ya ce, "Eirlys ce ta daidaita ta. Ba ta kuskure." Kin ji, Yaya. Ya fi yarda idonsa ya lalace a kan hannunta ya kauce.

Domin abin da ya yarda da shi ke nan. Na same shi a rumfar haihuwar tumaki yana rufe ido ɗaya da tafin hannu, yana ƙoƙarin karanta rubutun buhun abinci daga nesa. Da ya gan ni sai ya yi kamar ƙura yake sharewa. Jiya da dare ya zauna bai cire takalmi ba, ya ce, "Babana ma a shekaruna ya ajiye bindiga. Da rashin ganin dare ya fara, kafin shekara uku ko fuskar uwata ba ya gani." Ya yi waya asibitin ido sun ba shi rana. Ya ce idan sun tabbatar zai mayar wa hukuma lasisinsa, ya bar wa Eirlys harbin gonar nan gaba ɗaya.

Na so in kore ta, ga shi na buɗe mata ƙofa da hannuna.

Dila kuma bai jira kowa ba. 'Ya'yan tumaki huɗu sun tafi tun daga ranar, har da ɗaya daga tagwayen da na shayar da kwalba. Uwar ta wuni tana zagaya wurin tana kuka. Ni na kashe su, ba dila ba, shi cikinsa ya bi.

Kin ce in murɗa notin in mayar. Na gwada tunanin haka, amma ban san daidai inda yake ba, kuma ko na dace, ƙaryar tana nan. Kin ce in faɗa masa. Sau biyu na buɗe baki. Na farko na tambaye shi ko zai ƙara shayi. Na biyu na ce ana ruwa.

Ki yi mini addu'a.

Sa'ade

3 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa gare ki da Malam da yara, da Inna musamman. Ki yi haƙuri da shiruna, sai yau na iya zama.

Washegarin wasiƙata ta ƙarshe maigidan ya kira Eirlys don su yi maganar ba ta harbin gonar. Ta zo da hantsi, laka har gwiwa, ta zauna ta saurare shi. Da ya gama sai ta ce, "Makaho? Kai da ka hango hujin tayata tun daga bakin ƙofa? Kawo fitilar in gani."

Ashe duk fitilar da ta daidaita takan ɗiga farin fenti a ƙarƙashin noti, ɗigo ɗaya a noti, ɗaya a mariƙi, su yi layi. Ta juya ta, ta duba. Ɗigon nan ya koma can ɗaya gefen. Ta ɗago ido. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla, ina tsaye da buta a hannu. Ta san a inda fitilar ke kwana. Sai ta yi tsaki ta ce, "Irin waɗannan notin haka suke, girgizar mota ke kwance su. Laifina ne, Dil, ban ɗaure sosai ba."

Yaya, da ta tona ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki laifina ta ɗora wa kanta, a kicin ɗina, a gaban mijina. Wato har a kirki ma ta fi ni. Shi kuwa fuskarsa ta washe kamar yaro, yana cewa, "Ke nan ba idona ba ne?" Na ga zan rayu ina bin matar nan da godiyar da ba zan iya furtawa ba, kuma in tsaya gaban Allah da abu biyu maimakon ɗaya.

Na ajiye butar na ce, "Ba mota ba ce. Ni ce na murɗa."

Eirlys ta miƙe ta ɗauki hularta ta ce, "To, bari in je in duba karena, tun ɗazu yake kirana." Ba ta zo da kare ba.

Maigidan ya juyo gare ni. Da ya yi magana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kwana goma ina lissafin abin da zan daina gani, Sa'ade, kina zuba mini shayi." Ya tambaye ni dalili. Na ce ya daina bukatata. Ya ce, "Shi ne kika ga gara in makance in bukace ki?"

Kwana uku ba ya ce mini komai sai abin da ya shafi tumaki. A na huɗu, bayan mun idar da Magariba, ya juyo ya ce ya yafe, duniya da lahira. Na yarda ya yafe, ba ya faɗar abin da ba ya nufi. Amma fitilar yanzu a akwatin ƙarfe take kwana tare da bindiga, makulli a aljihunsa. Ya kashe dilan ranar Lahadi, shi kaɗai. Bai ce in ɗauko jakata ba, kuma na gane ba zai ce ba.

Jiya wayar gida ta yi ƙara, Eirlys ce. Na ce maigidan yana tudu. Ta ce, "Ba shi nake nema ba, ke nake nema, mai murɗe-murɗe." Wai akwai wata gona a bakin ƙauye, gidaje kusa, ga hanyar masu tafiya a ƙasa ta ratsa ta. A irin wurin nan ba a laluben dila da fitilar da ke kan bindiga, domin duk abin da ka haska ka nuna shi da bakin bindiga. Sai da mai fitila daban. Ta ce, "Dil ya ce duk kwarin nan babu mai rabe ido a duhu kamarki. Tun bara yake damuna da zancen."

Tun bara, Yaya. Shekara ashirin da ɗaya ina tsaye a kafaɗarsa cikin sanyi bai taɓa faɗa mini ba. Ita ya faɗa wa.

Na nemi izininsa, ya ce in je. Na gaya mata zan zo ranar Alhamis bayan Isha'i, na sa tsohon batir ɗina caji. Ina so in ce miki don tuba na amsa, da kuma don in biya ta alherinta, kuma akwai hakan a ciki. Amma na yi alkawarin daina ɓoye rabin gaskiya. Daren da take tare da ni, na san ba ta tare da shi.

Allah Ya shirye ni. Ki gaishe da Inna, ki ce ina nan lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sa'ade