Sunan Zaituna Bai Shiga Takarda Ba

Ƙofar Taramniya, Litinin

Ɗiyata Dakta Balkisu,

Bayan gaisuwa, ya gajiyar boko? Na rubuto in yaba aikin jami'arku. Shekara talatin ina auna yadi a kasuwa, ban taɓa ganin awo mai kyau irin naku ba. Ɗalibai sun bi gida-gida sun rubuta yara, sannan kunka kafa rumfa kuna gwajin sikila kyauta. Sai dai jiya na kai jikata Zaituna, wadda ciwon ƙashi ke kwantarwa duk damina, anka ce babu sunanta. Na ce ga ta tsaye. Anka ce takarda ba ta gan ta ba.

Alhamis kuke naɗe rumfa. Duba muna.

Kawunki, Malami

*

Jami'a, Talata

Kawu,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Na duba. An tambayi surukarka Kaltume 'ya'yanta, ta lissafa uku, babu Zaituna. A ɗakin matarka Inna kuwa an rubuta cewa nata duk sun girma.

Akwai abin da ke ɗaure mana kai. Mata da yawa a unguwarku sun shekara goma da aure, amma babban yaronsu bai wuce shida ba. Muna zaton jinkirin haihuwa ne, har mun fara rubuta takardar da za mu kai taro. Ko ka san dalili?

Na gaishe ka da girmamawa,
Balkisu

*

Laraba

Dakta,

Gaisuwa. Jinkirin haihuwa! Na karanta ma Innarku, sai da ta aje muciya don dariya.

Zaituna ɗiyar fari ce. Tun da anka yaye ta tana ɗakin kakarta. Ɗalibanku sun tambayi Kaltume a tsakar gida, gaban uwar mijinta, kuma kuna jira ta ambaci sunan? Kunya ba ta bari. Ita kuma tsohuwa ɗiyanta anka tambaye ta, ba jikoki ba.

Ke ma ɗiyar fari ce. Kin taɓa jin uwarki ta ce Balkisu? "Waccan" take ce miki, har ranar da kika zama dakta.

Ku tambayi kakanni. Allah shi yi albarka.

Malami

*

Asabar ta sama

Kawu,

Ina gaisuwa. Mun ƙara mako guda, mun bi ɗakunan kakanni, mun samu yara arba'in da ɗaya. Gwaji ya nuna Zaituna tana da sikila. Ga katin asibiti da maganinta, a kawo ta ranar Talata. An sake rubuta takardar taron daga farko.

Jiya na tambayi Umma 'ya'yanta nawa. Ta tsallake ni.

Taka,
Balkisu

*

Ɗiyata,

Na gode, yarinya ta fara shan magani. Ita wagga sabuwar takarda da za ku kai taro, sunana zai shiga, ko ni ma ɗan fari ne?

Kawunki, Malami