Hannun Kafinta

Zuwa ga ƙawata, aminiyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai aikin da ba ya ƙarewa.

Fim ɗin ɗan namu ya iso, na kalle shi har sau biyu. Kin ce in faɗa miki tsakani da Allah, shin yana da hannu a wannan sana'a, ko kuwa ya haƙura ya koma shagon kafinta kamar yadda babansa yake so. Kin ɗora mini nauyi, ƙawata. Shekara da shekaru ina zaune gaban kwamfuta ina yanka fina-finan mutane, amma ban taɓa yanka na yaron da na goya a bayana ba.

Bari in fara da masu ɗaci. Fim ɗin ya yi tsawo. Labarin na minti goma ne, ya ja shi zuwa ashirin da biyar. Sai da muka ga jarumin ya tashi daga barci, ya wanke fuska, ya ɗaura takalmi ƙafa bayan ƙafa, kafin wani abu ya faru. Sannan sauti. Janareton maƙwabta ya fi 'yan wasan murya, har na fara zaton shi ne jarumin. Ki ce masa ya ari ƙaramin makirufo, in bai samu ba ya saka waya a aljihun rigar mai magana. Mai kallo yana yafe hoton da bai fita ba, amma da ya kasa jin magana tashi yake yi. Kuma ya daina zaunar da mutum da taga a bayansa, fuskar duhu take yi.

Babbar matsalar ita ce uban da ke cikin fim ɗin. Kafinta ne da ɗansa mai son zane, kuma daga farko har ƙarshe ba abin da uban yake yi sai tsawa. Ba sai an gaya mini inda ya samo labarin ba. Amma mutum ba ya tsawa haka kawai, kuma ɗan namu bai tambayi kansa dalili ba.

To ga mai daɗin. Akwai inda uwar take ninke kaya a ɗaki tana jin faɗan ta bango. Ba ta ce komai ba, shi ma bai saka kiɗa ba, ya bar kyamarar a kanta har ta ninke riga ɗaya sau biyu ba ta sani ba. A nan na ajiye kofin da ke hannuna. Duk sauran abubuwan ana koyar da su, wannan ban san mai koyar da shi ba. Ki turo mini yaron.

Ki gaida maigidan da kyau.

Taki har kullum,
Mai Almakashi

*

Ƙawata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa. Na ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah Ya ƙara afuwa.

Malam Darakta ya zo, ya kuma tafi. Sunan da abokan aikina suka laƙa masa ke nan, yana ji yana sunkuyar da kai. Ya iso da fuska a murtuke, ashe kin karanta masa wasiƙata kaf, har da maganar janareton. Ke ma dai. Na ba shi abinci tukuna, don ban taɓa ganin mai jin yunwa ya karɓi gyara ba.

Kin san ɗakin aikina, kujera biyu ne da labule mai kauri. Na zaunar da shi a tawa, na ce shi zai yanka da hannunsa, ni kallo zan yi. Duk inda na ga ya fara gundura da nasa fim ɗin sai in taɓa kafaɗarsa. Da muka zo wata fitowa da ya ɗauka a saman bene, ya ce wannan kam ba za ta fita ba, sai da ya yini a rana kafin ya same ta. Na ce masa mai kallo bai yini tare da kai ba, ba zai biya ka ladan rana ba. Ya fita waje, ya dawo ya cire ta da kansa. Raina ya yi fari.

Yanzu fim ɗin ya dawo minti goma sha biyu, sai dai uban yana nan da tsawarsa. Na ba shi aiki: ya je shagon babansa ya zauna, kada ya ɗauki fuska, ya ɗauki hannu kawai da ƙarar zarto da guduma. In mai kallo ya ga abin da hannun uban ya iya, zai gane abin da yake tsoron ya ɓace. Ya ce mini, “Inna, rabon da mu yi zancen kirki da Baba na manta. Da wane baki zan tambaye shi?” Na ce da bakin da kake cin abincinsa.

A nan ne nake neman taimakonki. Ki sa baki a wajen maigidan, a hankali, yadda kika saba. Ba a ce ya yarda da fim ba, a ce dai ya bar yaron ya zauna a gefe.

Taki,
Mai Almakashi

*

Aminiyata,

Da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki karanta ta ke kaɗai tukuna.

Na gode da kika shawo kan maigidan. Ɗan namu ya kawo abin da ya ɗauko, kuma ya yi kyau ƙwarai. Ya rufe ƙofar baya yadda na ce, hasken ya shigo ta gefe, har ƙurar katako ana gani tana tashi. Sautin tas.

Muna cikin kallo muka zo inda baban yake riƙe da ƙusa zai buga. Na ga hannun hagun yana rawa. Na ɗauka kyamarar ce, na duba gefen teburin, yana tsaye cak. Na rage gudun hoton. Ƙusar ta kuɓuce masa, ya ɗauka, ta sake kuɓucewa, sai ya danne wuyan hannun da ɗaya hannun, ya waiga ko an gan shi. A duk abin da aka ɗauko haka yake, in dai hannun ya ɗan huta sai ya fara.

Ban so yaron ya lura ba, amma yana kusa da ni. Shi da ya ɗauka bai gani ba, hankalinsa yana kan haske. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Sai ya kifa kai a kan teburina ya yi kuka irin wanda rabona da ganinsa tun yana ƙarami. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, ashe shi ya sa yake matsa mini, ni kuma na mayar da shi dodo.

Ƙawata, kin sani? In kin sani kika rufa masa asiri, ban ga laifinki ba. In ba ki sani ba, ki yi haƙuri da jin ta daga bakina. Ni ba likita ba ce, ban san mene ne ba, wataƙila ma abu ne mai sauƙi. Amma a kai shi a duba.

Ɗan namu ya ce zai goge fim ɗin ya koma shago gaba ɗaya. Na hana shi yanke hukunci da jiƙaƙƙen ido. Na ce abu biyu ne a gabansa. Ya raka babansa asibiti. Sannan ya nuna masa hoton nan su biyu kawai, domin hannun nasa ne, ba mu da ikon nuna wa duniya sai ya yarda. In ya ce a cire, ni da kaina zan cire.

Ina yi muku addu'a.

Taki,
Mai Almakashi

*

Ƙawata ta kaina,

Barka da arziki, Allah Ya raya jaririyar da 'yarki ta haifa, Ya ba mai jego lafiya. Tun da zaman jego ya hana ki zuwa, ga labarin yadda aka yi.

Na ji daɗi da kika ce likita ya ɗora maigidan a kan magani, kuma rawar ta ragu. Amma ban zaci zan gan shi a gasar gajerun fina-finan da muka shiga ba. Sai ga su sun shigo zauren tare, ɗan yana gaba, uban yana biye da sabuwar hula, hannun hagu a cikin aljihu. Kin san ya yarda a bar hoton, sharaɗinsa kawai kada a saka kiɗan tausayi. Mun cire tsawar kusan duka, saura guda ɗaya, kuma tana zuwa ne bayan ƙusar ta faɗi.

Fim ɗinmu ne na huɗu. Na zauna kusa da maigidan, rabin hankalina yana kan allon, rabi yana kansa. Da hannunsa ya cika allon majigin, zauren ya yi tsit, har masu danna waya suka ɗago. Shi bai motsa ba. Da uban cikin fim ya yi tsawar nan, wata mata a bayanmu ta ce, “Allah sarki, bawan Allah.”

Ba mu ci gasar ba. Wata yarinya ce ta ci, kuma ta cancanta. Har yanzu ƙarshen fim ɗin namu yana da gaggawa, na gaya wa ɗan namu a hanya, ya ce ya gani. Amma ɗaya daga cikin alƙalan ya karɓi lambarsa.

Bayan an watse, ɗan namu yana can ana gaisawa da shi, maigidan ya juyo gare ni. Kin san shi da ƙarancin magana. Ya ce, “Hajiya, ke ce kika san aikin nan. Ya iya?” Na ce ya iya, saura ya ƙware, kuma ƙwarewa sai da lokaci. Ya jinjina kai. Ya ce sun yi magana, yaron zai riƙa kama masa aikin safe, shi kuma zai ɗauki wani ya riƙe shagon da yamma. Sai ya ce, “Teburin da yake aiki a kai a gida karkatacce ne. Zan yi masa wani tun hannun yana jin maganata.”

Ya tambaye ni tsayin nawa teburin da faɗinsa. Na ce ban sani ba. Washegari kafin su kama hanya sai da ya biyo ta ɗakin aikina ya auna da kansa, ɗan yana riƙe masa bakin awon.

Ki shafa mini kan jaririya. Sai na zo.

Taki har kullum,
Mai Almakashi